Kada Ka Yanka

Tallan farko da na taɓa ɗauka na kwaɗon rufe shago ne, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, cikin ɗakin da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Na ɗora kwaɗon a kan bulo, na ɗauki guduma na yi ta jibgarsa har sau goma sha ɗaya. Bai buɗe ba. Bulon ne ya rabe biyu. Tallan ke nan gaba ɗayansa. Ba kiɗa, ba rawa, ba wata mai fari da ido. Na ɗago kai ina haki, na dubi kyamara na ce, "Ni Bala, na shaida." Daga ranar ba wanda ya ƙara kirana Bala kawai, sai Bala Shaida.

Ku samarin yanzu da kuke ɗaga waya ku haska takalmi, ku manna masa waƙa, kafin shayi ya huce kun ce kun gama talla, ku nake yi wa wannan rubutu. Wani a cikinku ya ce min aikinmu na da ai danna maɓalli ne kawai. Ban yi masa musu ba, don na gaji da musu. Aji huɗu na firamare na tsaya, rubutuna ba na 'yan boko ba ne. Amma abin da na sani na san shi, kuma zan faɗa.

Ku fara sanin inda tallan yake fita. A lokacin akwai wata 'yar tashar kebul a Kano wadda ba ta nuna komai sai shari'a. Tun hantsi har la'asar kotu ce: rikicin fili, rabon gado, ɓarawon babur, wanda aka ba ajiya ya ce gobara ta ci. Kotunan da suka yarda a shiga musu da kyamara ba su da yawa, amma sun isa cika yini. Sunanta na takarda ba wanda ya damu da shi, kowa tashar kotu yake cewa. A Kwari da Sabon Gari shaguna da dama da talabijin a maƙale a bango, mai shago da baƙinsa suna kallo suna yanke hukunci kafin alƙali. Wani lokacin mai saye ya shigo a ce masa ya ɗan dakata, lauya yana tambaya.

To ku yi tunani. Mutum ya yi minti arba'in ya ƙura wa mai ba da shaida ido, yana jira ya ga inda zai haɗiye yawu, inda zai sosa ƙeya, sai alƙali ya tashi hutu, kai kuma ka faɗo masa da kayanka. Idonsa na kama maƙaryaci a buɗe yake tar. In ka zo masa da "namu ya fi na kowa", da babbar murya zai ce ƙarya kake, shago ya ɗauki dariya. Masu tallan Legas sun gwada da gangarsu da rausayarsu, suka tattara suka bar wurin. A tashar kotu ba a yabon kaya. Hujja ake gabatarwa.

Ni ba da kyamara na je Guangzhou ba. Na je ne ina auna wa wani kawuna kwalaye ina rubuta suna a jikin buhu. Tsohuwata har ta rasu ba ta iya faɗin sunan garin ba, tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana can ƙasar Gwanjo. Wata 'yar ƙasar mai suna Lin ce ta koya min aiki. Shagonta na wani lungu a bayan titin Liuhua, tana ɗaukar bidiyon biki, lokacin baje koli kuma ta ɗauki hoton kaya. Tana neman mai ɗaukar mata fitilu, ni kuma ina da kafaɗa. Ina da shekara talatin da takwas na zama ɗan koyo a hannun macen da ba ta kai min hammata ba. Turancinta gutsure-gutsure, nawa ma haka, sai muka haɗu a tsakiya. Wata takwas ban taɓa kyamarar ba. Naɗe waya, goge gilashi, riƙe farar lema. Ranar da ta bar ni na riƙe, na matsa maɓallin jawo hoto kusa don in burge ta, ta zuba min tsinken cin abinci a bayan hannu. "Buyaw!" Wato ba a so. In kana son kusa, ka taka da ƙafarka.

Babban abin da na ɗauka a wurinta a wani biki ne. Su a al'adarsu amarya takan durƙusa ta miƙa wa iyayen miji shayi da hannu biyu. Lin ta kunna kyamara tun amarya na tsaye, ba ta tsayar ba, ba ta juya ba, har tsohuwar ta kurɓa ta ajiye kofi. Da muka koma shago na tambaye ta me ya hana ta ɗauko fuskar uban a tsakiya, ga shi har da hawaye. Ta ce in ta yanka a nan, bayan shekara goma in an yi faɗa, uwar miji za ta ce yarinyar ba ta durƙusa ba, ta kuma nuna wurin da aka yanka. Wannan maganar na ɗauko na kawo cikin talla. Daga sanda almakashi ya taɓa yadi har sanda na tsamo shi daga ruwa, kyamara ba ta ƙiftawa. Fuskata, hannuna, da kayan, duk a hoto ɗaya. In na yi tuntuɓen harshe a minti na biyu, a koma farko, a yanko sabon ƙyalle. Da na fara nawa aikin, ita ce take tsaya min a bayan kyamara, ni ina gaba.

Akwai ranar da muka je ɗaukar fanka mai caji a wani sito, cikin watannin nan da bango yake gumi a garin, tufa ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Muka fito daga mota mai sanyi, muka kafa ƙafa uku ta ɗora kyamara, sai ga gilashin kyamara ya yi hazo kamar murfin tukunya. Awa guda muna zaune muna jira, mai kaya yana zagaye mu yana duba agogo. Daga ranar a cikin gwangwanin shinkafa nake kwantar da ita, shinkafar ta sha danshin. Kayan aikina ke nan: kyamara mai ƙaramin kaset, ƙafa uku, fitilu biyu, farar lema, da makirufo da na sa wa safa saboda iskar fanka. Waɗannan kowa zai iya saya. Na gaskiyar suna cikin wata jakar dabam: guduma, almakashi, ashana, farin hankici, garin sabulu, da bokiti. Bokitin dole fari. Baƙin bokiti abokin maƙaryaci ne.

Wani ɗan Maraɗi mai kulolin abinci ya taɓa kirana yana kumfar baki, ya ce tallansa ya fita ba wanda ya kira shi. Na bincika, ashe an saka shi a tsakiyar shari'ar matar da ake zargi da zuba guba a miya. Wa zai sayi kula a ranar? A nan na koyi rabin sana'ar da ba a ɗauka da kyamara. Kaset in ya gama sai in yi kwafi, in ba matafiyi ya kai Kano, sannan in shiga shagon buga waya in kira manajan tasha in ce ya karanta min jerin shari'o'in mako. Sata, a sa kwaɗo da ƙofar ƙarfe. Rikicin fili, a sa kwanon rufi da tayil, don duk mai kallo yana gina gida a ransa. Rabon gado yana ja da tsawo, mata suna binsa, nan ne wurin atamfa da shadda. Kamfanin jigilar kaya ba ya zama kusa da shari'ar cin amana ko an ba ka kyauta. Gurbi mafi tsada shi ne hutun da alƙali yake tashi kafin ya karanta hukunci, don ko fitsari ba mai fita. Bayan hukunci kuwa asara ce, kowa ya juya wa talabijin baya ana gardama.

Masu kaya iri-iri ne. Bakano yana so a ga fuskarsa da zobensa. Ɗan Nijar ba ya son a gan shi, lambar waya yake so a faɗa sau uku a hankali. Lawban, wato maigidan masana'anta, komai ka tambaya ba matsala, har sai ka ciro guduma. Ka'idata ɗaya ce tun kafin a kunna fitila: zan gwada, in ya ci in ce na shaida, in bai ci ba ba na cewa. Na tashi daga kan tocila da ta mutu a hannuna. Na tashi daga kan dutsen guga da ya narke wayarsa. An zage ni da Hausa, an zage ni da yaren da ban ji ba. Amma a Kwari ya kai ga mai shago ya ce wa mai saye, "Wannan Bala ya shaida," ciniki ya faɗa.

Sai shekarar wasannin nan na duniya ta zo.

Wasannin a Beijing za a yi, amma mu aka fara sharewa. Da in biza ta kusa ƙarewa mota kake hawa zuwa Hong Kong ko Macau, a buga maka hatimi ka dawo. A shekarar aka ce kowa ya koma ƙasarsu ya nemo. 'Yan sanda a bakin bene, a bakin gidan abinci, fasfo, fasfo. Xiaobei da in ka fito bayan la'asar sai ka ji Hausa ta ko'ina kamar a Fagge, ta koma kana jin takunka. Mai tuwon da muke ci a hawa na biyu ta rufe. Kalma ɗaya ta cika garin, meyo, wato babu. Ɗaki meyo, biza meyo, jirgi meyo. Masu sayen kaya ba su zo ba, wa zai yi talla? Wata huɗu aiki biyu na yi. Lin ta sayar da fitila ɗaya.

Bizata saura kwana goma sha biyu Alhaji Sidi ya aiko a kira ni. Babban dilan shadda ne, a Kano da Guangzhou duk an san motarsa. Sitonsa a bayan kasuwar Shahe, cike har rufi da wata shuɗiyar shadda mai sheƙi, ya raɗa mata suna ya buga mata tambari mai ruwan zinariya. Yana so ta isa gida kafin azumi saboda ɗinkin Sallah, tallan kuma ya fita kullum a tsakiyar shari'ar gado.

Gwaji biyu ake yi wa shadda, wuta da ruwa. Muka fara da wuta. Na ɗaga bandir na nuna tambari, na zare zare na kyasta ashana. Ya ci fes, ya bar farar toka, ƙamshin takarda, ba dunƙule irin na roba. Na dubi kyamara na ce, "Auduga ce zalla. Ni Bala, na shaida." Alhaji yana gefe yana jan carbi yana murmushi.

Aka zo ruwa. Na yanki ƙyalle, na haɗa da farin hankici na tsoma, na cuɗa sau bakwai. Ruwan nan ya koma kamar an ɗebo shi daga marina. Hankicin ya fito shuɗi shar.

Alhaji ya leƙa bokiti, ya dube ni. "Sabulunka ne ya yi ƙarfi."

"Ranka ya daɗe, sabulun da ake wanki da shi a gida ne. Daga Kano nake sa a kawo min."

"To a sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa da ruwa zalla, ba sabulu. Duk ɗaya.

Alhaji ya sallami masu dakonsa, ya buɗe jakar hannunsa ya zaro wani ƙyalle. Shaddar Turai ce, shuɗinsu ɗaya da tasa. Ashe ya san abin da ke cikin sitonsa.

"Tsoma wannan. Wa zai sani?"

"Duk wanda ya wanke."

"Haba Bala. Wankin farko ai kowace shadda takan ɗan saki."

"Wannan ba saki take ba, Alhaji. Amai take."

Ya naɗe ƙyallen. Sannan ya sassauta murya. "An ce min bizarka ta zo gargara. Lawban na masana'antar nan aminina ne. Takarda ɗaya zai rubuta ya ce kai ma'aikacinsa ne, a buga maka shekara. Ka ga kowa yana guduwa, kai kana zaune, aiki duk naka."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na dubi ƙyallen nan na daɗe. Sannan na ce a'a.

"Kai wa ka ɗauki kanka? Alƙali? Ɗan talla ne kai! Biyanka ake ka ce abu yana da kyau."

"Biyana ake in gwada. Cewa yana da kyau kyauta nake yi, in ya yi kyau."

"To ba ni kaset ɗina."

A nan na yi wautar da ba ɗan koyon da zai yi. A ka'ida kaset na mai kaya ne, haka ne. Amma ka'ida ba ta ce kada ka goge ba, ba ta ce kada ka yi kwafi ba. Lin ba ta jin Hausa, amma ta ga hannuna ya tafi kan kyamara, ta girgiza kai ta ce a hankali, "Buyaw." Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, ina so in fita da kai a sama. Na zare na ajiye masa a kan bandir na ce, "Ga shi, ka kai gida ku kalla da iyali."

Kwana goma bayan haka ina cikin jirgi. Bikin buɗe wasannin a Kano na gan shi, da azahar, a tsaye a bakin wani shago, ana ta tambayata ko na san filin.

Farkon azumi ina zaune a shagon wani abokina a Kwari, ana shari'ar gadon wani mai gidajen haya, alƙali ya tashi hutu. Sai ga ni a talabijin. Ga rigata, ga bandir, ga tambarin zinariya. Daga nan hoto ya yanke, ya koma kan farin bokiti da hannu shi kaɗai, ba fuska. Hannun ya cuɗa, ya tsamo hankici fari tas, ya miƙo shi gaban kyamara. Hoto ya sake yankewa, ga fuskata: "Ni Bala, na shaida." Sun datse "auduga ce zalla", sun ɗauko ƙarshen maganata ta wuta sun manna a bayan ruwan wani.

Shago ya ɗauka, "Shaida ya dawo aiki!"

Na je tasha a ranar. Manaja ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Fuskarka ce ko ba fuskarka ba? Muryarka ce ko ba muryarka ba? Kawo min asalin kaset in cire yanzu." Ba ni da shi. Na bi layi-layi ina cewa kada a saya. Wasu suka ji. Mafi yawa suka ce ai ɓatawa suka yi da Alhaji, hassada ce. Talabijin tana faɗa kullum, ni bakina ɗaya.

Ranar Sallah rana ta buɗe, aka yi zufa a filin Idi. Kafin a dawo gida wuyan mutane ya yi shuɗi, singileti ta yi shuɗi, farin aikin da aka zuba a gaban riga ya rine. Washegari ba na iya wucewa ta bakin teloli. Ana hango ni sai a ja wuyan riga a nuna min a ce, "Na shaida!" Har yau in na ji wani ya faɗa a bayana sai na juya.

Wadda ta fi tsaya min Hajiya Talatu ce, mai sarar yadi tana raba wa mata a gidaje. Ta ɗauki bandir masu yawa, har da ankon biki guda. Ta same ni a bakin masallacin kasuwa, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Bala, ni ban san Alhaji Sidi ba. Kai na sani. Kwaɗonka na nan a ƙofar shagona shekara uku, an gwada shi sau biyu bai buɗe ba. Da na ga ka ce ka shaida ko jiƙa ƙyalle ban yi ba. Yanzu me zan ce wa matan mutane?"

Na ce mata ba hannuna ba ne. Ta ce, "To ka zo ka faɗa a inda ake rantsuwa."

Ita da wasu suka kai ƙarar Alhaji, kuma kotun na cikin waɗanda ake ɗauka. Lauyan Alhaji ya tashi ya ce wanda yake karewa bai yaudari kowa ba, ƙwararre ya ɗauka ya gwada kayan a Guangzhou, ga ƙwararren nan ma a zaune. In akwai laifi na masana'anta ne da suka canza rini daga baya. Asalin kaset kuwa ya ɓata a hanya. Aka kira ni, na yi alwala, na yi rantsuwa. Shekara da shekaru ina fitowa a tashar nan lokacin hutu, ranar na fito a cikin shari'a.

Aka turo talabijin aka kunna tallan. Da aka zo kan hankici na ce a tsayar.

"Allah ya gafarta Malam, a duba hannun nan."

Alƙali dattijo ne mai tabarau, ya sauko da shi kan hanci ya duba.

"Hagu ne," na ce. "Da hagu aka miƙo wa mutanen Kano kaya. Ni uwata ba ta yi min wannan tarbiyyar ba."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Na yi bayani yadda zan iya. Wanda suka sa ya tsoma ƙyallen ɗan gida ne, da dama ya yi. Amma sun kafa fitila a gefen da ba nawa ba, inuwa ta faɗi a karkace. Mai haɗa hoton, ɗan can, sai ya juya hoton kamar a madubi don hasken ya dace da nawa. A wurinsa gyara ya yi. Bai san cewa a garinmu ko canji aka miƙa maka da hagu sai ka dubi mutum sau biyu ba. Na ce kuma a ɗauko duk tallan da na taɓa yi, in an sami guda ɗaya da aka yanka tsakanin fuskata da bokiti, a ɗaure ni.

Lauya ya yi dariya. "Ya mai shari'a, hannu ai hannu ne. Wa ya sani ko shaidan nan bahago ne?"

"Ka miƙo min guduma in nuna maka," na ce.

Alƙali ya buga tebur. Ya ce ba guduma, amma a kawo bokiti. Na ce fari. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce wa masinja, fari. Aka kawo bandir daga cikin na Hajiya Talatu, ba a ɓare ba, lauyan ya duba tambari ya yarda nasu ne. Aka ba ni almakashi, na ciro hankicina daga aljihu.

Kyamarar tasha ɗaya ce, a kusurwa, wani ma'aikacinsu yana riƙe da ita. Na yanki ƙyalle, na tsoma, na fara cuɗa. Ɗaya, biyu, uku. Ta gefen ido sai na ga bakin kyamara yana juyawa, yana tafiya kan Alhaji, wai zai ɗauko fuskarsa. Ban san sanda na daka tsawa ba.

"Kai! Kada ka yanka! Tsaya a kan bokiti!"

Hannuna na cikin ruwa. Ɗan sandan kotu har ya taso.

Alƙali ya cire tabarau ya ajiye. "Malam Bala, a ɗakin nan ni kaɗai nake ba da umarni."

"Tuba nake, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya juya kusurwa. "Mai kyamara, tsaya a kan bokiti. Shaida, koma farko."

Aka zubar da ruwa, aka kawo sabo, na yanki sabon ƙyalle, na haɗa shi da farin hankici. Sau bakwai na cuɗa. Na tsamo hankicin da dama, na ɗaga shi kusa da fuskata yana ɗigar shuɗi har gwiwar hannu.

"Me ka gani?" in ji alƙali.

"Tana zuba. Ni Bala, na shaida."

An ce min a Kwari har tafi aka yi. Ban gani ba, ina can ina wanke hannu a famfon bayan kotu, kuma shuɗin bai bar farcena ba sai bayan kwana huɗu.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Shari'ar ta ja, daga baya manyan kasuwa suka shiga aka sasanta a waje. Alhaji ya canza wa shadda suna ya ci gaba, motarsa ma ta fi ta da. Na koma Guangzhou shekarar da ta biyo, na tarar Lin ta koma garinsu, shagon ya zama na gyaran waya. Tashar kotu ta ɗan ƙara shekaru ta rufe. Wanda ya kalli ranar bokiti ya san abin da ya faru. Wanda bai kalla ba har gobe shuɗin wuyansa yake tunawa, kuma ba zan bi kowa gida in yi masa bayani ba. Hajiya Talatu dai ta aiko min da sabon hankici, fari, ba ta haɗa da magana ba.

Yanzu ina ganin naku. Daƙiƙa goma sha biyar, an yanka sau tara, kaya yana walƙiya kamar aljani, ba wanda ya taɓa shi da ruwa ko wuta. Kun ce zamani ne, mutane ba su da haƙurin kallo. Mutanen da suke yini a gaban shari'ar gado? Haƙuri suna da shi, abin da za su tsaya dominsa ne ba ku ba su ba.

Bokitin yana nan a ƙarƙashin teburina. Wanda ya ce danna maɓalli ne, ya zo da wayarsa, ya zo da kayan da yake tallatawa, ruwa da sabulu ni zan kawo. Fuskarka, hannunka, da kayan, a hoto ɗaya, har ka tsamo. In ka iya ka faɗi sunanka a ƙarshe.